Yadda ake kallon zanen Liyafar Belshazzar na Rembrandt har a ji abin da yake faɗa

Yawancinmu a waya muke haɗuwa da tsofaffin zane-zanen Turai. Hoto ya gifta, mu ce kai, wannan ya iya, babban yatsa ya tura shi sama, shi ke nan an wuce. Abin yana damuna, domin irin waɗannan ayyuka mutum ya yi watanni a kansu, kuma ya yi su ne don a tsaya a gabansu. Zan ɗauki zane guda ɗaya tak mu bi shi daki-daki. Wanda ya iya kallon wannan, ya sami mabuɗin da zai buɗe masa sauran 'yan'uwansa na zamanin da ake kira Barok, wato salon da ya mamaye Turai daga wajen 1600, salon motsi da razana da haske mai tsaga duhu.

Zanen shi ne Liyafar Belshazzar. Mai shi Rembrandt, mutumin ƙasar Holan, an haife shi a garin Leiden a 1606, ya rasu a Amstadam a 1669. Ya yi wannan aiki tsakanin 1635 da 1638, yana ɗan shekara talatin ko kusa da haka, da fentin mai a kan ƙyalle. Yanzu yana rataye a gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan, wanda ya saye shi a 1964. Ga mai karatun da zuciyarsa ba ta natsuwa da hoton annabawa, ya kwantar da hankalinsa: babu annabi ko ɗaya a cikinsa. Sarki ne da baƙinsa, da wani hannu mai rubutu.

Mataki na farko: samo hoto mai kyau, ka yi shiru

Shiga shafin intanet na National Gallery ka rubuta sunan Rembrandt da na Belshazzar. Hoton da ke can ana iya zuƙo shi har a ga sawun burushi. Idan da hali, buɗe shi a kwamfuta ko ka haɗa wayar da talabijin, ka rage fitilar ɗaki. Ka riƙe girmansa a ranka: tsayinsa kusan santimita 168, faɗinsa kusan 209. Wato ya fi ƙofar ɗaki idan aka kwantar da ita, kuma mutanen ciki girmansu ɗaya da naka.

Sai ka ba shi minti biyar ba ka karanta komai ba. Ka faɗi abin da idonka ya gani da baki, kamar kana ba makaho labari. Ga wani ƙasaitaccen mutum a tsakiya ya zabura ya miƙe, da farin rawani da ɗan ƙaramin kambi a samansa, da alkyabba mai nauyin zinariya. Ya waiwaya baya, ido a zazzare. A kusurwar sama ta dama akwai haske, a cikin hasken akwai haruffa, ga hannu ya fito daga gajimare yana rubuta su. Mace mai jar riga ta sunkuya a dama, abin da ke cikin kofinta yana tsiyaya. A hagu wasu mutane sun daskare a bakin tebur. Iyakar abin da ake bukata ke nan a yanzu. Kada ka yi gaggawar neman ma'ana.

Mataki na biyu: san labarin

Mutanen da Rembrandt ya yi wa zanen sun san labarin tun suna yara, kallo ɗaya suke yi su gane. Mu sai mun nema. Yana cikin Littafi Mai Tsarki, littafin Daniyel, sura ta 5.

Belshazzar yana mulkin Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau. Ya shirya wa manyan fadawansa dubu liyafa. Da giya ta fara hawa masa kai, sai ya sa a kawo tasoshin zinariya da azurfa waɗanda Nebukadnezzar, wani sarkin Babila da ya gabace shi, ya kwaso ganima daga Haikalin Urushalima, wato birnin Ƙudus. Kayan ibada ne da aka keɓe wa Allah. Shi da fadawansa da matansa da ƙwaraƙwaransa suka sha giya a cikinsu, suna yabon gumakan zinariya da azurfa da tagulla da ƙarfe da itace da dutse. Ana cikin haka sai yatsun hannun mutum suka bayyana suna rubutu a jikin bango. Fuskar sarki ta sauya, gwiwoyinsa suka dinga karo da juna. Ya kira bokaye da masu duba, ya yi alkawarin rigar shunayya da sarƙar zinariya da matsayi na uku a mulki ga duk wanda ya karanta. Duk suka kasa. Sarauniya ce ta tuna masa da annabi Daniyel, ɗaya daga cikin Yahudawan da aka kwaso zuwa Babila. Aka kira shi, ya karanta: mene, mene, tekel, ufarsin. Ya fassara cewa Allah ya ƙidaya kwanakin mulkinka ya kawo ƙarshensu, an auna ka a ma'auni an tarar ka gaza, an raba mulkinka an bai wa Mediyawa da Farisawa, wato al'ummomi biyu na yankin Iran ta yau. A daren nan aka kashe Belshazzar. Masana tarihi sun sa faɗuwar Babila a hannun Farisawa a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu.

Mataki na uku: tambayi kanka wane lokaci mai zane ya zaɓa

A wurina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a gaban kowane zane mai labari. Marubuci yana da shafuka, mai fim yana da awa biyu. Mai zane ƙiftawar ido ɗaya gare shi, dole ya zuba dukan labarin a cikinta. Inda ya ɗora yatsansa, nan ra'ayinsa yake.

Dubi abin da Rembrandt ya bari. Bai zana shigowar tasoshin ana guɗa ba. Bai zana Daniyel tsaye yana yi wa sarki fassara ba, ko da yake nan ne wa'azin yake. Bai zana kisan ba. Ya zaɓi daƙiƙar da hannun yake kan harafin ƙarshe, sarki ya gani, amma bai san abin da aka rubuta ba. Ya san dai da shi ake. Laifin yana kan tebur bai huce ba, hukuncin yana bango bai bushe ba, mutumin kuma yana tsakaninsu, jikinsa na fuskantar abin da ya aikata, wuyansa ya murɗe zuwa abin da zai same shi.

Ta yaya muka san ƙiftawar ido ce? Dubi ruwa. Giya tana zuba a wuri biyu: daga kofin da ke hannun mace mai jar riga, da kuma daga wanda sarki ya ture da ya zabura. Ba ta gama zuba ba, tana iska. Ruwan da ke zuba shi ne agogon zanen. Duk lokacin da ka tsaya gaban aikin Barok, nemi abin da yake cikin faɗuwa, ko tufa da iska ta ɗaga, ko bakin da aka buɗe ba a kai ga yin magana ba. Shi zai gaya maka ƙarfe nawa.

Kuma ka lura cewa kai mai kallo ka fi sarkin sani. Ka san ba zai ga safiya ba. Wannan sanin ne yake sa tausayi ya kama ka ga mutumin da bai cancanci tausayi ba, kuma ina ganin da gangan aka shirya maka hakan.

Mataki na huɗu: bi haske

Runtse idanunka kaɗan har siffofi su dushe, ya rage fari da baƙi kawai. Za ka ga yawancin ƙyallen duhu ne. Babu taga, babu ginshiƙan fada, babu fadawa dubu da littafi ya ambata. An haɗiye su duka a cikin baƙi, an bar mutane ƙalilan a matse kamar a cikin ƙaramin zaure. Abin da aka haska kaɗai ake so ka gani: rubutun, gefen fuskar sarki, rawaninsa, kafaɗar alkyabba, wuya da kafaɗar mace mai jar riga, da fararen idanun mutanen hagu.

Wannan dabara ta gwama haske mai ƙarfi da duhu mai kauri ta yi suna ne a hannun Caravaggio, mai zanen Italiya da ya rasu a 1610. Rembrandt bai taɓa zuwa Italiya ba. Malaminsa Pieter Lastman ya je, haka wasu masu zane na garin Utrecht a Holan sun zauna a birnin Rum na Italiya sun komo gida da salon. Ta nan ya iso gare shi, ya kuma mai da shi nasa.

Yanzu tambayi kanka daga ina hasken yake. Akwai wanda yake sauka a kan mutanen daga gefen hagu, irin na kowace rana, shi ne yake sa zinariya ƙyalli. Akwai kuma na bango, wanda ba fitila ce ta kawo shi ba, daga haruffan kansu yake fita. Fuskar sarki tana wurin da biyun suka haɗu. A zanen addini na wannan zamani, haske yakan tsaya a madadin ikon Allah, don haka inda ya fito da wanda ya faɗa wa ba sa zama haka kawai.

Mataki na biyar: karanta jiki kafin fuska

Mafari yakan tafi kai tsaye ga fuska. Jinkirta. Fara da hannaye, ka ƙidaya su. Hannun sarki ɗaya ya sauka a kan wani faranti na zinariya a tebur, kamar mai neman abin dafawa, ko mai cewa wannan nawa ne. Ɗayan ya miƙe a buɗe, yana kare kansa daga abin da ba a karewa. Matar da ke hagu ta haɗa nata a ƙirji. Hannun mace mai jar riga ya manta da kofin da yake riƙe. Duk hannayen 'yan Adam a zanen a rikice suke. Guda ɗaya ne a natse, yana aikinsa a hankali kamar na malami a kan allo, shi ne wanda ya fito daga gajimare.

Sai ka aza yatsa a kan faranti, ka bi hannun sarki zuwa kafaɗarsa, ka haura fuskarsa, ka bi idonsa har rubutun. Layi ne a karkace, daga ƙasan hagu zuwa saman dama. Masu zanen zamanin da ya gabaci wannan sun fi son tsari mai zaman daidai, hagu ta yi nauyin dama, komai a zaune. Na Barok sun fi son karkatacce, saboda abin da ya karkata ido yana jiran ya faɗi.

Mace mai jar riga ta cancanci ka daɗe a kanta. Ba ma ganin fuskarta sosai. Muna kallon ta ne ta sama da baya, ƙeya da kafaɗa, ta kauce kamar wadda aka kawo wa duka. Zana mutum a wannan yanayi, jiki ya taho wajen mai kallo a taƙaice, yana daga cikin abubuwa mafi wuya a sana'ar, kuma matashin Rembrandt yana so a san ya iya. Amma ba nuna gwaninta kaɗai ba ne. Ta kauce ne zuwa wajenmu, saura kaɗan ta faɗo daga cikin zanen. A hagu kuma wata mace mai gashin tsuntsu a ka da lu'ulu'u ta ba mu baya, zaune a gefen tebur ɗin da muke. Su biyun sun sa mu a cikin da'irar. Ba leƙe muke ta taga ba, a teburin muke, kusa da inabin.

Yanzu ka koma fuskoki. Dattijo mai gemu da matar da ke kusa da shi ido waje, baki sake. Duba da kyau ina suke kallo. Kamar sarkin suke kallo, ba bangon ba. Razanar tana tafiya ne daga rubutu zuwa sarki, daga sarki zuwa fadawa. Duk wanda ya taɓa zama a gaban mai mulki ya ga fuskarsa ta sauya farat ɗaya, ya san yadda cikin kowa yake ɗurar ruwa tun ba a san dalili ba.

Mataki na shida: matso har ka ga fentin

Zuƙo hoton a kan alkyabbar. Daga nesa ka rantse surfani ne na zaren zinariya da duwatsu masu daraja, irin wanda ake yi wa alkyabbar manyan sarakuna. Da ka matso sai surfanin ya watse. Abin da ke wurin ɗigo-ɗigo ne da dunƙule-dunƙulen fenti, wani wuri an dangwala, wani wuri an ja, wani wuri ya taru ya yi tudu. Babu zinariya ko ƙwayar zarra. Ƙasa-ƙasa ne mai duhu a ƙarƙashi, sai ruwan ɗorawa mai kauri a sama, sai fari a ƙololuwa. Saboda fentin ya yi tudu, hasken ɗakin da aka rataye zanen yana bugun sa da gaske, ya yi walƙiya. Ja da baya, zinariya ta dawo. Yi wannan sau uku ko huɗu, matso, ja baya. A nan ne za ka ji daɗin sana'ar a jikinka.

Sannan kwatanta da duhun bayan mutanen, inda fentin yake siriri, shafe a kwance. Ƙa'idar ke nan a yawancin aikinsa: wurin haske da kauri, wurin inuwa da sirantaka. Dubi kuma yadda kowane abu ya sami irin nasa taɓin: laushin gashin dabba a bakin alkyabba, santsin rawani, sanyin ƙarfen kofi, ɗan kunnen sarki mai siffar jinjirin wata.

Ga abin da ya fi taɓa ni. Launin rawaya mai hasken nan ana haɗa shi ne da dalma da kuza, kuma masu binciken fenti sun same shi a ƙyallin alkyabbar, sun same shi a haruffan bango. Abu ɗaya aka yi adon sarki da hukuncinsa da shi. Rembrandt ya zuba duk iyawarsa ya sa dukiyar nan ta yi kyau har idonka ya maƙale mata, ka yi minti biyu kana sha'awar alkyabba ka manta da bango. Da ka ɗaga kai ka tuna, ka ɗanɗana kaɗan daga abin da ya sami mai alkyabbar. Ban san wata hanya da wa'azi zai bi ya shiga mutum ta ido da ta fi wannan ba.

Mataki na bakwai: tsaya a kan rubutun

Kalmomin na harshen Aramaik ne, da haruffan Ibrananci. Harsunan nan dangin Larabci ne, daga dama ake fara su zuwa hagu, kuma wanda ya yi karatun allo zai ji sunayen haruffan ba baƙi ba ne: kalmar farko mim ce da nun da alif.

Akwai tsohuwar tambaya a nan. Idan rubutun da harshen da aka sani ne a Babila, me ya hana masanan sarki karanta shi? Malaman Yahudawa sun daɗe suna tattauna wannan, kuma ɗaya daga amsoshinsu ita ce an jera haruffan ne daga sama zuwa ƙasa. Dubi zanen: haruffa goma sha biyar ne, a layi biyar a tsaye, kowanne da uku, kamar gidajen dara. Wanda ya karanta a kwance yadda aka saba, shirme zai samu. Sai an fara daga layin dama a gangaro, a koma na biye, sannan magana ta fito: mene, mene, tekel, sai ufarsin da ta ci layi biyu. Wani malamin Yahudawa na Amstadam, Menasseh ben Israel, wanda ya san Rembrandt, ya buga wannan tsari a wani littafinsa a 1639, kuma galibin masana suna ganin daga wurinsa mai zanen ya samo shi. Idan haka ne, ka ga Kirista ya je wurin malamin wani addini don ya gyara haruffa goma sha biyar da yawancin masu sayen zanensa ba za su iya karantawa ba. Harafin ƙarshe, wanda yatsan yake kai, bai fito daidai da nun ɗin ƙarshen kalma ba. Wasu sun ce kuskure ne, wasu sun ce ai hannun bai gama ja ba. Ni na fi karkata ga na biyun, domin ya dace da duk abin da zanen yake yi.

Kalmomin kansu sunayen ma'aunai ne na kasuwa, na awon azurfa. Tekel ita ce shekel, kuma saiwarta ɗaya da kalmar Larabci ta nauyi, wadda ta ba mu miskali da ake auna zinariya da shi. Wanda ya san ayar miskala zarratin ya riga ya san hoton da ake nufi: sikeli, da aikin mutum a kai. Kalmar ƙarshe tana nufin rabawa, kuma sautinta yana kama da sunan Farisa. Yanzu sake duban mutumin da ke tsakiya. Shi ne mafi nauyi a zanen, ƙato, ga tumbi, ga zinariya tun daga kambi har teburinsa. Shi aka ce an auna bai kai ba.

Mataki na takwas: tuna inda aka yi shi

Cocin Holan na wancan lokaci na 'yan Furotesta ne masu bin koyarwar Calvin, ba sa rataye hotuna a wurin ibada. Don haka zanen labarin Littafi Mai Tsarki a gidaje yake ƙarewa, a bangon masu hali. Amstadam kuwa tana cikin ganiyar arziki, jiragen kamfanin cinikin Gabas da aka kafa a 1602 suna sauke kayan yaji da yadudduka. Rawani da alkyabbar Belshazzar ba tufafin Babila ta dā ba ne. Yadda Baholande na 1630 da wani abu yake hasashen sarkin Gabas ne, daga baƙin da yake gani a tashar jiragen ruwa da kayan da Rembrandt kansa yake saye yana tarawa. Matan kuma adonsu ya fi kusa da na Turai. Ka yi tunanin attajiri yana cin abinci da tasoshi masu tsada a ƙarƙashin wannan hoto.

Mataki na tara: kwatanta, sannan ka dawo

Buɗe wani aikin nasa na 1636, Makantar da Samson, wanda ke birnin Frankfurt a Jamus, ka gwada tambayoyin nan a kansa: wane lokaci aka zaɓa, ina haske ya fito, ina layin ya karkata, ina aka tsayar da ni. Gargaɗi dai, akwai jini a cikinsa. Bayan shi ka gwada zanen Judit tana fille kan Holofernes, na Artemisia Gentileschi, mace mai zane 'yar Italiya, idan zuciyarka za ta ɗauka.

Bayan kwana biyu ka dawo wa Belshazzar. Ƙara hasken allonka har ƙarshe, ka zuƙo kusurwar sama ta hagu, bayan dattijo mai gemu. A cikin duhun akwai wata mace da yawancin masu kallo ba sa lura da ita, kamar inuwa, riƙe da sarewa. Ita ce makaɗiyar liyafar. Ni sai a kallo na uku na gan ta, kuma tun daga ranar nake jin zanen da kunne: ƙarar kofi a kan tebur, tsiyayar giya a hannun riga, da busar da ba ta riga ta yanke ba.